Memfis: Garin Da Hayaƙin Gashi Ke Rufewa Ran 4 Ga Yuli

Birnin Memfis yana bakin kogin Misisipi ne, a jihar Tenesi ta kudancin Amurka. An kafa shi a 1819, kuma auduga ce ta raya shi. A watan Yuli zafinsa yakan kai digiri 33, ga gumi mai danƙo wanda ba ya barin riga ta bushe a jiki. Amma duk da wannan zafi, idan ranar 4 ga wata ta zo, watau ranar da Amurkawa ke tunawa da shelar 'yancinsu daga Ingila ta 1776, sai ka ga magidanta sun fito da murhu farfajiyar gida tun da hantsi suna hura gawayi. Kafin azahar hayaƙi ya lulluɓe unguwanni.

Abin da aka fi gasawa shi ne haƙarƙarin alade. Wannan nama haramun ne ga Musulmi, saboda haka Musulmin garin sukan yi nasu gashin da awazar sa ko ta rago, a bisa irin murhun, da irin yajin. To amma wanda ke son ya fahimci Memfis ba shi da makawa sai ya leƙa wannan murhu, don tarihin garin yana cikinsa.

Su dai suna kiran gashin nasu babikiyu. Kunnen Bahaushe zai ji kamar babbaka, amma babu dangantaka: kalmar ta fito ne daga bakin mutanen asali na tsibiran Karibiyan, Sifaniyawa suka ɗauko ta. Aikin ma ya sha bamban da na mai tsire, wanda ke kafa tsinkensa kusa da wuta ya juya ya sauke. A nan wuta a gefe guda take, nama a ɗaya gefen, a rufe murfi. Da farko akan ɗaye wata 'yar tantani da ke manne a bayan ƙasusuwan, sannan a murtsuke naman da gishiri, da jan barkono marar zafi, da masoro, da tafarnuwa, da sukari. Sai a jefa guntayen icen hikori a kan garwashi domin ƙamshin hayaƙinsa. Zafin murhun ba a son ya wuce digiri 110 zuwa 120, kuma a haka naman zai yi awa biyar ko shida. Dalili kuwa shi ne haƙarƙari nama ne mai jijiya da tauri; wuta mai ƙarfi ƙona bayansa za ta yi ta bar cikin kamar ƙirgi, amma zafi kaɗan na dogon lokaci shi ke narkar da jijiyar. Gwani ba ya yawan buɗe murfi. Idan ya ɗaga awazar ya ga ta lanƙwasa har bayanta ya fara tsagewa, naman kuma ya ja baya daga bakin ƙashi, to ta nuna.

Akwai tsohuwar gardama a garin tsakanin masu son busasshe da masu son jiƙaƙƙe. Jiƙaƙƙe shi ne wanda ake shafa wa miyar tumatir mai zaƙi da tsami dab da saukewa, don in an shafa da wuri sukarin ƙonewa zai yi. Busasshe kuwa yaji kawai ake barbaɗa masa, kamar balangu. Wanda ya fito da sunan busasshe shi ne Charlie Vergos, ɗan baƙin Girka, wanda ya buɗe gidan abincinsa mai suna Rendezvous a 1948 a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Lalle busasshen ya fi nuna gwaninta, gama miya tana iya rufa asirin mai gashin da bai iya ba.

Sai dai asalin sana'ar ba a gidan abinci yake ba. A zamanin bauta, idan masu gonakin kudu za su yi bikin 4 ga Yuli, bayi baƙar fata ne ke haƙa rami, su sare itace, su kwana suna gadin garwashi ana gasa dabba sukutum. Su ne ke ciyar da masu murnar 'yanci, alhali su kansu ana sayar da su a kasuwa. A Memfis ɗin nan, a titin Adams, Nathan Bedford Forrest ya yi cinikin bayi a shekarun 1850. Ba a soke bauta a Tenesi ba sai 1865. Shi kansa haƙarƙarin a da ba abin marmari ba ne. Mahautan manyan kamfanoni na ƙarni na 19 a ganga suke cusa naman da gishiri, awaza kuwa ba ta shiga ganga da kyau, sai a sayar da ita da arha ko a bayar kyauta. Talaka ne ya ɗauka ya koya mata daɗi.

Da bauta ta ƙare, sana'ar ta bi masu ita. Henry Perry, baƙar fata haifaffen yankin Memfis, shi ya kai ta Kansas Siti, inda wajen 1908 ya fara sayar da gasasshen nama a wani lungu, yana naɗe shi cikin takardar jarida kamar dai yadda mai suya ke yi. Memfis kuma tun 1978 take shirya gasar gashi a watan Mayu, wadda ke jawo magasa daga jihohi da ƙasashe dabam-dabam.

Ran 4 ga Yuli dai ba gasa ake yi ba. Ganga ce da aka tsaga biyu aka sa mata ƙafafu, da wani kawu riƙe da matsefin ƙarfe wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa murfi. Mata sun jera dafaffen wake, da yankakken kabeji, da masara, da kankana. Yara suna ta tambaya ko ya nuna, ana ce musu saura kaɗan tun awa biyu da suka wuce. Sai la'asar sakaliya ake saukewa, a yanka ƙashi-ƙashi, a ci da hannu. In duhu ya yi, wasan wuta ya fara tashi a sararin garin, har lokacin garwashin bai mutu ba.