Jar Mota Da Gwiwata Ta Hagu

Waɗanda suka gan ni bara ina fitowa daga layinmu a nan Sabo cikin wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya kamar za ta shafi kwalta, na san sun yi ta magana. Har wani dattijo ya tare ni bayan La'asar ya ce, "Malam, tsufan ne ya zo da gardama?" To ga bayanin yau. Ban sayi motar nan ba, bashi ne ya kawo ta. Wani abokin ciniki da na yi shekaru ina ba shi goro, kasuwa ta juya masa baya, kuɗin huhuna da yawa suka maƙale a hannunsa. Ranar nan sai ga shi da makulli da takardu, ya ce abin da ya rage masa ke nan. Na karɓa, don riƙe mota ya fi riƙe alkawari.

Toyota Celica ce, tokumbo, ko Beljiyam kamar yadda 'yan uwa ke cewa a Arewa. Kamfanin ya daina ƙera irinta tun 2006, tawa kuwa cikin samfurin ƙarshe take, wanda aka fara fitarwa a 1999. Giyar hannu gare ta, giya biyar. Jikinta lafiya lau, inji ba hayaƙi. Abu ɗaya ne: kulocinta tauri kamar kana taka dutse.

Wanda bai san garin Badun ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. Garin nan tudu da gangare ne. Ka shiga gosulo a shataletalen Mokola da yamma, ko a Iwo Road, ka taka ka saki, ka taka ka saki, kafin ka kai gida ka taka ya fi sau ɗari. Sati biyu na yi ina hawanta don kada ta zauna ta lalace, sai gwiwata ta hagu ta fara ciwo. Abin bai dame ni ba sai ranar da na ja sallar Magariba, na zo zaman tahiya na ji ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Uwargida ta dafa ruwan zafi tana gasa mini tana cewa, "Malam, mutumin nan bai biya ka bashi ba, ƙari ya yi maka."

Na kira mai motar. Ya ce, "Ai Malam haka motar tsere take, ta samari ce." Duk wanda na tambaya amsar ke nan, haka take. Kuma maganar ba ƙarya ce zalla ba. Mota mai babban inji tana buƙatar kulocin da zai riƙe da ƙarfi, don haka takunsa kan fi nauyi. Amma daga baya na gane injin da ke cikin tawa mai lita 1.8 ne, irin na Corolla da kowa ke tuƙawa ba tare da ya nemi mai tausa ba. To me zai sa tawa ta zama dutse?

Bakanike na farko ya ce iska ce ta shiga. Ya fitar da iska, ya ƙara mai, ya karɓi kuɗinsa, kuloci yana nan yadda yake. Yanzu na san wannan ba ta inda za a fara ba ke nan, domin iska laushi take sa feda, ka ji ta lagwaf tana tafiya ƙasa giya ta ƙi shiga. Ba ta kawo tauri. Na biyu ko bonet bai buɗe ba, ya taka sau ɗaya ya ce a sauke giyabos a canza komai. Kuɗin da ya faɗa ya sa na ce masa zan yi shawara.

Ana cikin haka sai ga mai saye. Yaron unguwar nan ne, ɗan aminina, ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Ya tara 'yan kuɗinsa a harkar waya, idonsa ya faɗa kan jar mota. Ya zagaya da ita ya dawo yana murmushi, ya ce, "Baba Malam, kulocin da ɗan nauyi ko?" Wallahi maganar nan ta zo har bakina, haka motar tsere take. Da na faɗa da ya yarda, har ma ya ji daɗi, don samari na ɗaukar taurin a matsayin alamar ƙarfi. Kuɗin kuwa ina buƙatarsu, lokacin sarin goro ya matso, mutanen Shagamu ba sa jiran kowa. Amma ni kaina ban san abin da ke cikin motar ba, ta yaya zan ce masa lafiya ce? Na ce ya ba ni sati biyu.

A nan ne wani direba ya kai ni wurin wani tsohon bakanike Bayarabe a bayan Mokola, kowa Baba yake ce masa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, yana jin Hausa irin ta wanda ya yi zama da mu. Bai taɓa sufana ba sai da ya zaunar da ni a benci ya zana mini abin a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Alfa, tsakanin inji da giyabos akwai faifai, mu muna ce masa dis. Akwai faranti mai nauyi da ke danne shi a jikin inji, shi ne fileti. Ƙarfin farantin daga wani sifirin yake, mai yatsu a zagaye. In ka taka feda, masta na sama ya tura man birki cikin bututu, man ya tura masta na ƙasa, shi ya tura wani ƙarfe mai baki biyu da muke kira fok, fok ya tura boris, boris ya danna yatsun nan, sannan faranti ya saki faifai ka sa giya." Ya ce saƙo ne da ke bin hannu bakwai, duk hannun da ya riƙe shi, ƙafarka ce za ta biya.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada, kamar mai tsince huhu. Ya fara da kwanciya a ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya duba inda feda ke lilo, ko wurin ya bushe, ko ɗan sifirin da ke taimaka wa ƙafa ya karye, ko ma tabarmar ƙasa ce ta naɗe. Ya ce ya sha karɓar motar da maganinta giris na naira kaɗan. Nan lafiya. Ya buɗe gwangwanin mai ya duba, baƙi ƙirin. Man birki yana shan danshin iska, in ya daɗe sai ya kawo tsatsa cikin masta, shi ya sa ake so a canza shi kamar duk shekara biyu. Ya tambaye ni ko an taɓa zuba wani mai daban, don bakin mai ko man giya in ya shiga wurin, robobin ciki kumbura suke yi su cije.

Sai ya yi dabarar da na fi so kowa ya riƙe. Ya sassauta ɗan notin fitar da iska da ke jikin masta na ƙasa, ya ce in taka. Feda ta tafi ƙasa sumul, mai ya fito. Ya ce, "Ka gani? Daga ƙafarka har zuwa nan hanya a buɗe take. Da ta ci gaba da tauri, da sai mu ce masta na sama ne, ko tiyon roba ya ruɓe ta ciki ya toshe." Cikin minti biyar ya wanke rabin waɗanda ake zargi. Ya kwance masta na ƙasa ya danna da hannu, yana motsi. Ya zare robar da ke rufe bakin fok ya haska, sai ga jar tsatsa. Ya ce motar nan ta taɓa shiga ruwa. Mu da muka ga ambaliyar watan Agusta na 2011 a garin nan ba ma buƙatar a yi mana bayanin abin da ruwa ke yi wa ƙarfe.

A nan bari in ɗan ratse saboda 'yan uwa masu tasi. Ba kowace mota ke aiki da mai ba. Micra ɗin nan da suka cika garin, da yawancin Golf 3, waya ce ke jan kulocinsu, haka ma Mustang ta Amurka har zuwa 2004. A irin waɗannan, in feda ta yi tauri, wayar za a fara tuhuma, ko ta bushe, ko silinta sun fara tsinkewa a cikin kube, ko an lanƙwasa ta wajen ɗaurawa. A canza ta tun kafin ta tsinke a tsakiyar Ojoo da fasinja a ciki.

Sai bayan duk wannan Baba ya ce yanzu kam a sauke giyabos. Wani zai ce ai bakanike na biyu ma abin da ya faɗa ke nan. Haka ne, amma shi caca ya yi da kuɗina ta faɗa daidai. Da laifin na tiyo ne, da na biya kuɗin babban aiki na koma gida da taurina.

Da aka sauke, laifi uku muka tarar a wuri ɗaya. Ƙwallon da fok ke juyawa a kansa ya bushe ƙamas ya yi tsatsa. Bututun da boris ke zamewa a kai ya yi zane-zane, ba ɗigon giris. Na uku shi ne babba: farantin ba na kamfani ba ne. Wani mai fenti ne mai kauri, irin wanda samarin Turai da Amurka ke sawa don tsere, faifan ma ba zagayayye ba ne, fuka-fukai gare shi. Wanda ya mallaki motar a can ƙasar waje shi ya sa abinsa, ya more, aka loda mana a jirgi. Ga shi kuma faifan ya cinye. Baba ya nuna mini cewa yayin da faifai ke sirancewa, yatsun sifirin tashi suke yi, ƙarfin da ake buƙata a danna su ya ƙaru. Shi ya sa kuloci ke ƙara tauri a hankali har mai mota bai lura ba, sai baƙo ya hau ya faɗa masa. Ya juya fok ɗin a hasken rana, ga wata siririyar tsaga ta fara a gindinsa. Na tuna yaron nan da yadda yake son bin hanyar Legas, jikina ya yi sanyi.

Muka je kasuwar kayan mota ta Agodi Gate tare, don ni ban san na gaske da jabu ba. Da yake injin irin na Corolla ne, ba mu sha wahala ba: faifai, faranti, boris, fok. Wajen ɗaurawa na ga ɗan giris kaɗan ya shafa da yatsa, na ce Baba a ƙara mana, ba ga shi bushewa ce ta jawo ba? Ya yi dariya ya ce in ya yi yawa zai fantsama kan faifai, kuloci ya riƙa sulɓewa, mu sake saukewa. Ya zubar da tsohon mai ya sa sabo.

Ranar da na karɓo ta na taka da ƙarfin da na saba, ƙafata ta doki ƙasa har na firgita. Kuɗin gyaran ya cinye ɗan abin da nake sa ran zai hau kan bashin, har ya taɓa uwar kuɗi. Na kira yaron da mahaifinsa, na baje musu tsoffin kayan a kan tabarma, na faɗi abin da aka canza da abin da aka gani na ruwa. Uban ya nemi ragi saboda maganar ruwan, na rage. Gwiwa kuwa sai da ta yi wata guda kafin ta daina tuna mini.

Bayan sati ɗaya sai ga yaron a shago, ya durƙusa ya gaishe ni yana sosa ƙeya. Wai abokansa sun hau sun ce kulocin ya yi laushi da yawa, kamar ba motar tsere ba, ko tsohon farantin yana nan? Na nuna masa shi can bakin ƙofa, da shi nake tokare ta saboda iska. Na ce ya je ya turo mini babansa ya tambaya da bakinsa. Har yau bai zo ba.