Garkar bayan ɗaki

A Dallol Mauri, daga Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa da Gesheme, ruwa ba ya da nisa a ƙasa, shi ya sa da sanyi ya shigo sai garake su yi kore shar. Manyan manoman dankalin turawa kan sayi irin da ake kawowa daga Turai, da tsadarsa, wani har da bashi. Ni kam garkar bayan ɗaki ta fi ba ni sha'awa, don ba ta tambayar kowa ko dala.

Irin kuɓewa da yakuwa na bara ne, uwargida ta ajiye a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari. Taki kashin awaki ne, wanda ya kwana biyu. Ɗanye ƙona shuka yake yi. Ruwan alwala da na wankin hatsi gindin zogale suke tafiya. In tsutsa ta taso, a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa, a yayyafa da marece.

Inda kuɗin ke maƙalewa sosai shi ne kauɗa. Lokacin da tumatir ya yi araha ake yanka shi a shanya, sai damina, sa'ad da ɗanye ya gagari talaka, a ɗebo a sa a miya.