Tsibirin da Ake Shayar da Ciyawa Don Ƙwallo

Hilton Head tsibiri ne a gaɓar jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Tsawonsa mil 12 ne, faɗinsa mil 5, amma filayen wasan golf da ke cikinsa sun haura 20. Mutum zai yi tanadi, ya hau jirgi, ya kama ɗaki, ya yi sammako, duk don ya bi ɗan farin ƙwallo daga rami zuwa rami har 18, ya shafe wajen awa huɗu a rana. Wai hutu ke nan. Ni da na san hutu da zuwa gida, gaida dangi da miƙe ƙafa, sai na tsaya kallon ikon Allah.

Ciyawar ce ta fara ɗaure mini kai. Shar da ita, ana yi mata ban ruwa, ana aske ta da inji tun gari bai gama wayewa ba, kuma babu bakin dabbar da zai taɓa ta. Da makiyayi zai ga wannan a watan Maris, lokacin da shanunsa ke lasar ƙasa, sai ya yi ƙwalla. Dabbar da ke sheƙe ayarta a nan ita ce kada. Na ga wani ya baje a bakin tafki yana shan hantsi, ƙwallon wani dattijo ya faɗi kusa da jelarsa. Dattijon ya dubi kada, ya dubi ƙwallo, ya zaro wani daga aljihu. Ai kuwa ya yi hankali.

Sai kuma shirun. Idan mutum ya ɗaga sanda, kowa ya ƙame, ko tari babu. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, don ban saba wuce mutum ban ce masa sannu da aiki ba. Da farko na ɗauka girman kai ne. Amma da na lura babu alƙalin wasa a tare da su, kowa shi ke ƙirga bugunsa, shi ke cin tarar kansa in ya karya doka, alhali mai ƙarancin bugu ne ke yin nasara, sai jikina ya yi sanyi. Mu masu yawan gaisuwa, mutum nawa ne cikinmu zai rubuta bugu shida in ba wanda ya ga na shidan?

Natsuwar garin ma tsara ta aka yi. Bayan an gina gadar shiga tsibirin a 1956, Charles Fraser ya kafa unguwar Sea Pines da sharaɗin gini ya saje da itatuwa. Allunan talla ƙanana ne, fitilun titi kaɗan, ga dokar rage hasken bakin teku da dare daga Mayu zuwa Oktoba saboda kunkurun ruwa masu zuwa yin ƙwai. Baƙo da dare sai ya wuce gidan abinci bai gan shi ba.

Filin da ya fi suna shi ne Harbour Town, wanda Pete Dye ya zana tare da Jack Nicklaus, aka buɗe a 1969, Arnold Palmer ya lashe gasar farko. Ramin ƙarshe yana fuskantar wata hasumiya mai ja da fari, nan kowa ke ɗaukar hoto. Taku kaɗan daga wurin, a tsakanin gidajen hutu, akwai maƙabartar Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka noma auduga a tsibirin. Su ne mafi yawan mazaunansa kafin gada. A 1862 aka kafa wa kakanninsu Mitchelville, garin 'yantattun bayi mai gudanar da kansa. Da farashin fili da haraji suka tashi, gonakin gado da dama suka suɓuce musu.

In Allah Ya kai ka, ka buga ƙwallonka, ka kiyayi kada, amma ka ware yini guda ka je Mitchelville. Yana arewacin tsibirin.