Numfashin inji

Shekara tara ina ɗaukar doya daga Tamale zuwa Kumasi da tsohuwar motata. Bara ta fara shan baƙin mai. Wani fita ya zare tiyon da ke kan murfin inji, ya cusa bakinsa cikin gorar roba, ya ce, "Alhaji, an gama."

Ashe tiyon nan numfashin inji ne. Iskar da ke sulalewa ta gefen zoben fistin takan taru a ƙasa, wajen mai, ta tiyon ake mayar da ita inji ya ƙone ta. Mu kuwa muka sake ta, tana shigowa inda muke zaune. Ɗana yakan fara tari tun kafin Kintampo, ni ina ta ɗora wa hazo laifi. Har yau abin na cina.

Motar haya wata shida-shida take sabunta takardar lafiya a DVLA. Da lokaci ya matso, na sa gwangwanin tarar mai na ainihi, mai tiyo biyu: mai ya kwanta, iska ta koma inji. Sati biyu ya cika fal. Zobba ne suka cinye, gwangwani ba ya gyara su. Kuɗin ɗinkin salla suka tafi wajen buɗe inji, uwargida ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba.