Ranar da aka ce ina yi wa rana sujada a saman soro

Yau labarin kaina zan ba ku, duk da dai ya shafi mutane da yawa a garin nan namu na Damagaram. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta shi, don akwai abin kunya a ciki, kuma rabin kunyar ni na jawo wa kaina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama gaban mikro. Wanda bai san aikin rediyo ba gani yake hutu ne, kana zaune cikin sanyi kana ta surutu. To amma zaman awa huɗu ko biyar kan kujera ɗaya, ga hawan kabu-kabu safe da yamma kan hanyoyinmu da kuka sani, a ƙarshe baya ne ke biyan bashin. Bara da sanyi na tashi wata safiya na kasa duƙawa in ɗauki buta. Aka kai ni asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, aka rubuta mini ordinans, daga nan aka tura ni wurin likitan motsa gaɓoɓi, wanda muke cewa kine. Shi ne ya ba ni takarda ɗaya mai zanen mutum iri shida, ya ce in riƙa yi kullum minti ashirin. Har ya ƙara da cewa wasu daga cikin motsin daga yoga aka ɗauko su. Ni dai a lokacin ko daga ina aka ɗauko, in dai zan iya ruku'u ba tare da na cije leɓe ba.

Gidanmu na gado a Birni yake, kuma kun san gidan yawa, babu inda mutum zai miƙe ƙafa yara ba su haye shi ba. Sai na riƙa hawa saman soro da tabarmata bayan na dawo daga masallaci na ɗan kishingiɗa. Lokacin ya kan zo daidai da fitowar rana. Soron kuma ta gabas yake da fili. To ku kwatanta da kanku: mutum kan tabarma, fuska gabas, ya ɗaga hannu sama, ya duƙa, ya kai goshi ƙasa, ya daɗe a haka, kuma a daidai lokacin da kowane almajiri ya san an hana sallar nafila.

Sati biyu aka yi, Gwaggona ta aiko a kira ni.

"Kai, zauna nan. Me nake ji a gari?"

"Gwaggo, lafiya dai ko?"

"Ina fa lafiya. A kasuwar Dole aka tare ni, wai ɗan yayana ya shiga addinin Indiyawa, kullum da safe yana yi wa rana sujada."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ashe maganar ta kai har gidan da ke neman auren ƙanwata, sun aiko a bincika ko gaskiya ne. A nan dariyar ta tsaya mini a wuya. Ciwon bayana ya zama abin da zai iya ɓata wa yarinya aure.

Ga inda na yi nawa kuskuren. Cikin fushi na shiga shirin lafiya na wannan makon na buɗe baki na ce yoga ba ta da wata alaƙa da addini ko kaɗan, siport ne kawai irin wanda mushe ke sa mu yi a filin lakol, duk mai cewa wani abu daban jahili ne. Ba a jima ba wani bawan Allah ya kira daga wajen Magariya. Ya ce ya yi wata uku a Indiya yana jinyar mahaifinsa. Cikin ladabi ya ce mini: "Malam, abin da ka faɗa rabi ne. Na gani da idona masu yin ta suna kiran sunayen abin bautarsu." Wallahi na rasa ta cewa, sai na sa kiɗa. Na kira mutane jahilai a kan abin da ni ma ban sani ba.

Daga ranar na shiga karatu. Galibi da Faransanci, tunda shi ne abin da lise ta bar mini. Ga abin da na samo, a taƙaice gwargwadon iko.

Na farko, mai kiran nan yana da gaskiya. Yoga a cikin addinan Indiya ta tsiro, Hindu da Buda da Jain. Littafin da aka fi ambata, na wani malami Patanjali, ya haura shekara 1500, kuma gajerun jimloli ne kusan 200. Uku kacal daga ciki suka yi maganar yadda ake ajiye jiki, su ma a kan zama ne, a zauna daram don a tattara hankali. Wato tsohuwar yoga ta fi kama da halwa fiye da jimnastik. Babu tsayuwa da ka, babu murɗe-murɗen da muke gani a waya.

To ina aikin jikin ya fito? A nan ne kalmar tantra ke shigowa, kuma a nan ne ruɗanin ya fi yawa. Mu nan mun san ta ta hanya biyu. Ɗaya fina-finan Indiya, inda ake nuna wani mai jan ido da ƙoƙon kan mutum a maƙabarta, masu fassara su ce boka ko matsafi. Ta biyu kuwa, ku yafe mini, duk matashin da ya rubuta kalmar a intanet abin da zai fito mishi batsa ce. Shi ya sa da yawa suka ɗauka tantra sunan wani salon fasiƙanci ne.

Asalin kalmar a harshen Sanskirit daga saƙa ta fito, zaren da ake miƙewa a masaƙa, daga baya ta zama sunan wasu littattafan ibada da suka bazu a Indiya tun wajen ƙarni na 6. Abin da ya cika su shi ne karɓar izini daga hannun shehi, maimaita wasu kalmomi da suke kira mantara, zane-zanen ibada, da riƙe numfashi. Addinin Buda na ƙasar Tibet har yau a kan wannan turbar yake, kuma da yawa daga malamansa ko aure ba su yi. Gaskiya ne akwai wani reshe ƙarami da ya shigar da giya da nama da saduwa cikin ibadarsa a ɓoye, wanda Indiyawan kansu suka daɗe suna ƙyama. Wannan reshen ne Turawa suka ɗauka suka hura. Wani Ba'amurke, Pierre Bernard, ya fara sayar da shi a farkon ƙarni na 20, daga baya Rajneesh, wanda ya mutu a 1990, ya cika kasuwar. Abin ya tuna mini da fim ɗin Jean Rouch na 1955 a kan 'yan Hauka, 'yan Nijar da ke ci-rani a Akara. Bafaranshen da wannan fim kaɗai ya gani zai rantse haka muke dukanmu.

Daga cikin da'irar tantra ɗin ne aka samu ra'ayin cewa jiki yana da wasu hanyoyi da cibiyoyi na ɓoye, su cakara da kundalini da kuke ji a bakin masu bidiyo. Littafin farko da aka sani ya koyar da dabarun da suka zama hatha yoga, Amritasiddhi, na wajen ƙarni na 11, mabiya Buda na tantra ne suka rubuta shi. Hatha Pradipika na ƙarni na 15 ya lissafta yanayin jiki 15 kawai. Cakara ɗin ma ba likita ne ya gano su da wuƙar fiɗa ba, aƙida ce, kuma wani alƙalin Ingila a Kalkata, John Woodroffe, shi ya yaɗa ta a Turai da littafinsa na 1919. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai buɗe maka cakara, ka sani maganar imani yake yi maka, ko da ya sa farar riga.

Yogar da duniya ke yi yau kuwa, ta tabarmar roba da ɗaruruwan motsi, yarinya ce ƙarama. A shekarun 1930 wani malami Krishnamacharya ya tsara da yawa daga cikinta a fadar Sarkin Maisur, kuma masu bincike irin su Mark Singleton sun nuna yadda jimnastik ɗin Turai da atisayen 'yan kokowa suka shiga ciki. Shi kansa jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, wani basarake na Aundh ne ya yaɗa shi a shekarun 1920, kuma akwai masu haɗa shi da kiran sunayen rana goma sha biyu. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Ashe maƙwabtan da suka leƙo soronmu ba daga iska suka ɗauko zarginsu ba. Sun yi kuskure a kaina, amma abin da suke tsoro akwai shi a duniya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Musulmi sun riga Turawa sanin wannan fanni da ɗaruruwan shekaru. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci tun ƙarni na 11. Wani shehin ɗariƙar Shaɗɗariyya a Indiya, Muhammad Gaus na Gwaliyor, ya yi littafi da Farisanci a ƙarni na 16 mai suna Bahrul Hayat a kan dabarun yogawa. Har Shehu Muhammad bin Ali Sanusi, wanda ya rasu a 1859, ya ambaci yogawa a littafinsa na ɗariƙu arba'in, As-Salsabilul Ma'in. Kuma kun san ɗariƙarsa ta Sanusiyya ta iso nan Damagaram ta hannun fataken Sahara tun kafin Faransawa su kama garin a 1899. Ban ce kakanninmu sun yi yoga a Zango ba. Cewa nake malamai na da sun karanta, sun tace, sun ɗauki abin da suka ga dama sun zubar da sauran, ba su tsaya ga jita-jitar kasuwa ba.

A zamaninmu ma malamai ba su zama baki ɗaya ba. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda kalmomin ibadar da ke cikinta. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta rarrabe: mai ɗauke da ibadar Hindu haramun, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun Disambar 2014 ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, kuma gwamnatin Indiya ce ta nemi hakan, don ita ma tana da ribarta ta suna a ciki.

Da na tattara duk wannan, na ɗauki takardar kine ɗin na je wurin wani dattijon malami na unguwarmu, abokin marigayi mahaifina.

"Allah gafarta Malam, ga abin da ake magana a kai."

Ya sa tabarau ya duba zanen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in kana yi, me kake faɗa da bakinka?"

"Ƙirga nake, Malam. Ɗaya zuwa ashirin."

"A zuciyarka fa, wa kake girmamawa?"

"Bayana kawai nake so ya saki."

Ya yi murmushi ya ce to wannan magani ne, amma ni ma ina da laifi. Na zaɓi lokacin da ya fi kowane lokaci jawo zargi, na fuskanci inda ya fi kowane wuri jawo zargi, sannan na hau rediyo ina zagin mutane. Ya ce in sauya lokaci, in sauya fuska, in kuma je in ba Gwaggo haƙuri. Shi da kansa ya aika gidan surukan ya warware maganar. An ɗaura auren bayan ƙaramar salla.

Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake ba ku ba, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Abin da nake roƙo biyu ne. Masu ilimin boko irina, mu daina cewa babu komai a ciki don kawai mu nuna mun waye. Akwai tarihi, akwai aƙida, kuma in ka buɗe bidiyo ka ji an ce ka haɗa hannu ka maimaita kalmar da ba ka san ma'anarta ba, kana da haƙƙin ka rufe. Haka nan masu tallar cewa yoga na warkar da ciwon suga ko tansiyo har a ajiye magani, ƙarya suke, kada wanda ya bar ƙwayarsa saboda su.

Sauran 'yan uwa kuma, mu ji tsoron Allah wajen fitar da mutum daga addini da ido kawai. Bayan wancan shirin wata uwa ta kira ni a ɓoye ta ce likita ya ba ta irin wannan motsin saboda ƙugu, amma ta daina, tana tsoron kishiyarta ta ce bori take. Mata nawa ne a Garin Malam da Sabon Gari da Kara-Kara ke ɗaukar jarkar ruwa da ciwon baya, an ba su maganin da ba ya cin ko dala, sun bari don tsoron bakin mutane? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya ga maƙwabcinsa yana wani abu bai gane ba, sallama ɗaya da tambaya ɗaya sun isa, kafin a kai kasuwa.

Ni dai yanzu bayan la'asar nake nawa, a tsakar gida, fuska kudu wajen rumbu, yaran gida na kwaikwayona suna faɗuwa. Makon jiya na dawo daga aiki na tarar da Gwaggo ta aiko a karɓa mata kwafin takardar, wai gwiwarta ke damunta, amma ta ce kada in sake in faɗa a rediyo. To a rediyo dai ban faɗa ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.