Wa Zai Rubuta Tarihin Sabo?

A 1916 aka kafa wannan unguwa tamu ta Ibadan, goro da shanu suka raya ta. Amma littafin da ake karantawa a kanmu a jami'o'i, wani masani ne daga Ingila, Abner Cohen, ya zo ya zauna cikin iyayenmu ya rubuta, ya fito a 1969. Ya yi ƙoƙarinsa. To mu fa?

Shi ya sa da ɗana ya ce zai karanci adana tsofaffin gine-gine da tarihin birane, ban hana shi ba, duk da abokan kasuwa na ta cewa, "Haba Malam, wannan ai ba ta kawo kuɗi." Sana'a ce sosai. Mai ita yakan auna tsohon gini, ya zana taswirarsa, ya ɗauki bayanin dattawa, ya koyar da ɗalibai. In gwamnati za ta faɗaɗa titi ko ta sabunta kasuwa, irinsa ake nema ya ce wannan a rushe, wancan a bari.

Ranar da katafila ta iso, "kakana ne ya gina" ba ya tsayar da ita, takarda ake tambaya. Ni da nake jan sallar gawa ina gani: duk dattijon da muka kai makwancinsa, da sunayen masu masaukin fatake yake tafiya.

Don haka mai tsoho a gida ya kunna wayarsa yau, ya tambaye shi wa ya gina masallacin layinsu. Allah Ya sa mu dace.