Yini guda a dajin Gadabeji tare da ƴan lakwal

Gadabeji tana arewacin Dakoro, cikin jihar Maradi, inda gonakin gero suke ƙarewa, ƙasar makiyaya ta fara. Tun 1955 aka keɓe wannan daji mai faɗin hekta 76.000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyaye halittunsu. Duk da haka, da yawa daga cikin masu karatu da ke fatauci tsakanin Maradi da Dakoro ba su taɓa ratsewa su gan shi ba, balle ɗiyansu.

A ƙarshen damina na bi wasu ƴan lakwal da malamansu suka kai can yini guda. Akasarinsu ɗiyan ƴan kasuwa ne da na ma'aikata, kowa da gorar ruwansa da ƙullin ƙosai. Karangiya ce ta fara yi musu maraba. Kafin a yi taku ɗari, masu silifa sun zauna suna cira suna ƙunƙuni, ma'aikacin gandun daji yana tsaye yana murmushi.

Da ya nuna musu itace ya ce su faɗi sunansa, sai aka yi tsit. Yaran da ke iya jero manyan biranen Turai ba su san aduwa ba, alhali suna tsotsar ƴaƴanta a bakin kasuwa. Wani ɗan Bororo da ya biyo mu da sandarsa, wanda bai kai shekara goma ba, shi ya raba musu gardama: wannan aduwa ce, waccan magarya, ga wadda awaki ke so, ga wadda ake yin asuwaki da ita. Daga nan shi ya zama mushe, ɗiyan birni suna binsa a baya. A ganina wannan awa guda ta fi darasin wata guda a kan allo.

Abin da ya kawo su dai shi ne raƙumin dawa. Fari da farauta sun ƙarar da shi a nan kusan shekara 50 da suka wuce. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya, dukansu a yankin Kure, kusa da Yamai. Da aka tsare su suka haura 600, sai a 2018 aka ɗauko takwas a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sake su a Gadabeji, don kada a tara su wuri ɗaya wata annoba ta share su. Harin da aka kai Kure a watan Agusta na 2020, inda mutum takwas suka rasa rayukansu, ya ƙara wa wannan daji muhimmanci.

Neman ƴan dabbobi kaɗan a daji mai wannan faɗi sai da haƙuri. Yaran suka koyi karanta ƙasa: sawun raƙumin gida taushi ne, shimfiɗaɗɗe, na dawa kuwa kofato ne rababbe kamar na saniya, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Suka ga barewa ta gifta, suka yi ta musu a kan kashin da suka tsinta, ko na wane ne. Sai bayan la'asar aka hango wuya biyu sun zarce kan itatuwa. Ba wanda ya ce musu su yi shiru, da kansu suka yi. Wata yarinya ta tambaya cikin raɗa ko ƙaya ba ta soke masa harshe, aka ce ta duba da kyau yadda yake naɗe ganyen.

Kuɗin da aka kashe bai wuce na man mota da ruwa da izinin ma'aikatan gandun daji ba, abin da ƙungiyar iyayen yara za ta iya haɗawa idan ta so. Hanyar dai rairayi ce, sai mota mai ƙarfi da direban da ya san ta, kuma a nemi shawarar hukuma kan lafiyar hanya kafin a tashi.